Ambulan Ɗaya, a Rufe

Litinin, 3 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Likita,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga gare ni da Gwaggonki, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya a duk tashar da jirginku ya tsaya. Mu nan sai godiya, in ban da gwiwata ta hagu da ta ƙi jin magani, da kunnena da ke ƙara nauyi. Gwaggonki ta ce ba nauyi ya yi ba, zaɓen abin da zai ji yake yi. Ranar Juma'a na je duba mahaifiyarki. Ta samu sauƙi, har tana takawa zuwa bakin ƙofa, kuma ba ta da zance sai na ranar da za ki bar aikin jinya a jirgin ruwa ki dawo kusa da ita.

Bayan haka, saƙonki ya iso hannuna ranar ashirin da bakwai ga watan jiya, na kuma shigar da shi a littafin rajistata, lamba ta ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ambulan ce a cikin ambulan, tare da guntuwar takarda mai layi biyu: "Baffa, ka ajiye mini wannan inda kake ajiye muhimman takardu. Don Allah kada ka buɗe."

Layin nan na biyu sau uku na karanta shi, na cire tabarau na goge, na sake karantawa. Ni da marigayi mahaifinki 'ya'yan wa da ƙane ne, kuma tun yana raye duk wata takardar dangin nan a hannuna take kwana: ta gida, ta haihuwa, ta makaranta. Shekara arba'in da ɗaya na yi a ofishin ajiyar takardu, goma sha shida daga ciki ina shugabansa. Ban taɓa sa hannu cewa na karɓi abin da ban ga cikinsa ba. Me zan rubuta a gurbin "abin da ke ciki"? In rubuta "ban sani ba"? A zamaninmu, akawun da ya rubuta haka, a ranar zai tattara komatsansa.

Saboda haka na buɗe, da wuƙar buɗe wasiƙa, Gwaggonki na zaune a matsayin shaida.

Abin da na tarar ya fi layin ɓata mini rai. Ɗan kati ne da bai kai tafin hannu ba, an rubuta kalmomin Turanci ashirin da huɗu a kansa da fensir. Da fensir, 'yata! Babu kwanan wata, babu kan magana, babu sa hannu, kalmomin kuma a hargitse kamar kayan da aka zazzage daga buhu. Ban san ko mene ne ba. Amma tun da ya kai a tsallako da shi teku, ya kai a mutunta shi.

Na sauko da keken rubutuna daga kan kabad, na sa masa mai, na buga kalmomin a farar takarda, na shirya su yadda ƙa'ida ta tanada. Takarda mai muhimmanci kuwa ba ta zama ita kaɗai, uku ake yi. Da yake takardar kabon da na ajiye ta bushe, sai na lallaba da sandata zuwa shagon Mai Kwafi da ke kusa da tashar mota. Gilashin injinsa ya tsage, amma mutum ne mai dabara: ya ɗauki hoton takardar da wayarsa, ya tura wa injin, ya fitar mini da guda biyu tas, ya kuma like duka ukun a leda don kada ruwa ya taɓa su.

Kwafi na ɗaya yana cikin fayil ɗinki. Na biyu na kai wa aminina, tsohon shugaban gidan waya, ya sa hannu ya karɓa, saboda gudun gobara. Na uku yana jiran dawowarki.

Ba godiya nake nema ba. Abin da nake so, nan gaba idan za ki ba babba amana, ki ba shi ita gaba ɗaya, ba tare da gargaɗin da ake yi wa ɗan aike ba.

Allah ya tsare ki a kan ruwa.

Baffanki


Alhamis, 27 ga Fabrairu

Zuwa ga Baffa,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaishe da Gwaggo. Allah ya sawwaƙe gwiwa, ya saka da alheri a kan duba Inna. Ni jikina lafiya. Hankalina ne ba lafiya ba, tun da wakilin kamfanin jirginmu ya miƙo mini wasiƙarka jiya da hantsi.

Sau goma sha ɗaya na kira wayarka daga bakin tasha. Sau biyu Gwaggo ta ɗauka, ta ce ka ce magana mai muhimmanci a rubuce ake yin ta, ita kuma ba ta shiga tsakaninka da fayil. To, Baffa, ga ta a rubuce.

Abin da na tara a shekara tara a kan ruwa ban bar shi a banki ba, tun da ni ba a ƙasa ɗaya nake kwana ba. Na mayar da shi kuɗin kirifto, wato kuɗin da ke zaune a intanet. Makullinsu yana cikin wata 'yar na'ura da ake kira walet, ba ta fi tsawon yatsa ba. Kai tsaye na saye ta daga masu ƙera ta, da hatiminta a jiki. Na kulle ɗaki, na saki labule, na kunna ta ni kaɗai. Ita da kanta ta riƙa nuno kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya a ɗan gilashinta, ina rubutawa da hannu. Fensirin da ka raina da gangan ne, tawada tana zuba in ta ji ruwa. Rashin suna da sa hannu ma da gangan ne, don wanda ya tsinta kada ya san na wane ne.

Ƙa'idar abin guda ɗaya ce tak: ba a ɗaukar hoton kalmomin, ba a buga su a waya ko kwamfuta, ba a nuna wa kowa, ko da masu ƙera na'urar ne suka tambaya. Na'urar na bar ta cikin akwati a ɗakin ajiyar da na kama haya a tudu, katin kuma na aiko maka, don kada su kwana wuri ɗaya. In na'urar ta ɓata ko ta lalace, da kalmomin nan ake tayar da komai a wata sabuwa. Ka ga ke nan duk wanda ya riƙe su, ko wane ne, ko kai ne, ba ya bukatar na'urata, ba ya bukatar izinina. Daga inda yake zaune zai kwashe komai, kuma babu ofishin da za a kai ƙara.

Yanzu gumina na shekara tara yana cikin wayar wani mutum a bakin tashar mota, tsakanin hotunan 'ya'yansa da katunan shaidar mutane! Layi biyu kawai na rubuto maka, Baffa. Biyu! Da kuɗin nan zan sauka daga ruwa in buɗe ɗan shagon magani kusa da Inna. Na riƙe hannunta na yi mata alkawarin wannan ce tafiyata ta ƙarshe. In suka tafi, da wane baki zan gaya mata sai ta ƙara jiran wata shekara tara?

A wayata ina iya ganin ko kuɗin suna nan, amma ba na iya motsa su. Yanzu na duba. Suna nan. Ban san zuwa yaushe ba.

Don girman Allah ka aiko mini da kwafi na uku ta masu kai saƙon gaggawa, zuwa ofishin wakilin kamfani. A tasha ta gaba zan sayi sabuwar na'ura in kwashe kuɗin zuwa wani sabon makulli kafin a riga ni. Ka karɓo wanda ke hannun amininka, ka haɗa da duk sauran ka ƙone. Ka tsaya a kan Mai Kwafi ya goge hoton, ko da yake gogewar ba ta tabbatar da komai.

In na sauka zan kama akwatin ajiya a banki. Na ga abin nan ya fi ƙarfin fayil.

'Yarka


Laraba, 12 ga Maris

Zuwa ga 'yata Likita,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Mahaifiyarki ma lafiya, ban kuma gaya mata komai ba. Gwiwata ta kumbura saboda zirga-zirgar da kika sa ni, amma wannan ba shi ne abin da ke damuna ba.

"Ko kai ne."

Kalma uku ce. Kwana biyu na yi ina juya su. Gwaggonki ta kawo abinci ta mayar, ta sake kawowa ta mayar. Ina so ki san wani abu da ban taɓa faɗa wa kowa a dangin nan ba. Akwai ranar da wani babban mutum ya shigo ofishina, ya ajiye makullin sabuwar mota a kan teburina, ya ce abin da yake so kawai wani fayil ya yi ɓatan dabo. Fayil ɗin nan yana kan kantarsa har gobe. Ni kuma a ƙafa na je aiki, a ƙafa na yi ritaya. Wannan mutum, duk da rashin kunyarsa, bai dubi idona ya ce zan iya sata ba. Ya san sai an saye ni, kuma ya tarar ba na sayarwa ba ne. Sai ga 'yar da na kai rajistar haihuwarta da hannuna, na tsaya har aka gyara harafin da aka yi kuskure a sunanta, ta sa ni a layi ɗaya da ɓarayi, a rubuce, da tawada.

Duk da haka, aiki daban, ɓacin rai daban. Ga rahoton abin da na yi.

Na je wurin aminina na nemi kwafi na biyu. Ransa ya ɓaci, ya ce shekara talatin yana riƙe da wasiƙun gari guda bai taɓa leƙa ko ɗaya ba. Na ce masa ai ni ma haka aka yi mini, ya yi haƙuri. Bai ba ni ba sai da na sa hannu a nasa littafin. Na haɗa da kwafi na ɗaya na ƙone su a tsakar gida. Ledar ta yi wari, maƙwabta suka leƙo, Gwaggonki ta ce in na gama ƙona dukiyar dangi in share wurin. Umarninki na ƙonawa dai na aiwatar da shi gwargwadon abin da ƙa'ida ta yarda.

Na je wurin Mai Kwafi. Ya ba ni kujera, ya goge hoton a gabana, ya nuna mini. Bayan kwana biyu sai ga shi har gida, da man shafawa na gwiwa, ya durƙusa ya gaishe ni. Muna cikin hira ya ce, "Baba, takardar nan ta rannan kamar ba ta cika ba. Babu wata mai lambobi? In akwai, kawo in like maka ita kyauta." Na ce masa babu abin da zai sake fita daga gidan nan. Ya ce ba komai, zai dawo duba gwiwar. Ki dubi ladabi irin na bare. Shi bai ce mini "ko kai ne" ba.

Ga kwafi na uku nan a cikin wannan ambulan. Ki duba da idonki ki ga ko aikin maƙiyi ne: babu gogewa, babu harafin da ya hau wani, gefen hagu daidai da na dama.

Game da akwatin banki, na amince. Idan kin sauka ki zo ki karɓi fayil ɗinki baki ɗaya, har da takardar haihuwarki da ta gidan mahaifinki. Ki sa hannu, in ja jan layi a ƙarƙashin sunanki. Zumunci yana nan, wannan ba ni na ƙulla shi ba balle in kwance. Amma ajiya ta ƙare.

Baffanki


Juma'a, 4 ga Afrilu

Zuwa ga Baffa,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ina kuma duba gwiwa. A gaishe da Gwaggo, a ba ta haƙurin warin leda.

Mun yi kwana goma sha tara ba mu ga tudu ba. Da muka iso na karɓi wasiƙarka, na karanta ta a tsaye. Da na zo wurin "babu wata mai lambobi", sai da na koma na sake karanta layin. Na ce shi ke nan, mutumin ya san abin da ya gani, har lambar sirrin na'urata yake nema. Ladabi, Baffa? Man shafawa ya zo da shi don ya shafe ka!

Na nemi izinin awa huɗu, na shiga gari da gudu. Na sayi sabuwar walet a shagon da masu ƙera ta suka amince da shi, na duba hatimin kwalin ta kowane gefe. Na kama ɗaki a wani masauki, na kulle, na ajiye takardarka a kan gado, na shiga danna kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Na kai ta ashirin da huɗu. Na'urar ta ce ba ta san wannan zancen ba. Na sake, ta ƙi. Na sake a karo na uku ina karanta kowane harafi a fili kamar 'yar aji ɗaya, ta ƙi. Har na sa takalmi zan koma in yi wa mai shagon tas a kan ya sayar mini da jabu.

Sai na dubi takardar gaba ɗayanta, daga sama zuwa ƙasa. Ta farko da "a" ta fara. Ta biyu ma haka. Sai "b", sai "c", a jere reras har ƙasa.

Baffa, jera su ka yi! Bisa tsarin abacada! Abin da kake nufi ke nan da "na shirya su yadda ƙa'ida ta tanada", ni kuma don haushi na tsallake layin.

Na zauna a ƙasa ina dariya ina hawaye, har mai masaukin ta ƙwanƙwasa ta ce lafiya? Hargitsin nan da ka gani a katin, shi ne makullin. Kalmomin sai a yadda na'urar ta fitar da su suke aiki, ta ɗaya a gurbin ta ɗaya, ta ashirin da huɗu a gurbinta. Na tambayi injiniyar jirginmu, ba tare da na nuna mata komai ba, ko za a iya laluben jerin ta hanyar gwaji. Ta danna na'urar lissafi, ta ce in da mutum zai haɗa kwamfutocin garinsu duka, jikokin jikokinsa ma ba za su ga ƙarshen gwajin ba. Wato Mai Kwafi ya gwada kamar yadda na gwada, an kore shi kamar yadda aka kore ni. Lambobin da yake nema su ne ɗaya zuwa ashirin da huɗu da na rubuta a gefen kowace kalma a katina.

Kada ka ce na ce ka yi daidai. Ba ka yi daidai ba. Kuskure biyu ka yi, Allah ya sa ɗaya ya zauna a kan ɗaya.

Yanzu tsorona ya koma wani wuri. Katin fensirin yana ina? Da bakina, da hannuna, na ce ka ƙone duk sauran. Na'urata wata biyar ke nan tana cikin akwati a ɗakin da rufinsa ke yoyo in an yi ruwa mai ƙarfi. In ta lalace, kuma katin ya zama toka, to ba ɓarawo ne ya cinye ni ba, ni da Baffana ne muka haɗu muka yi aikin. Me kake nufi da "gwargwadon abin da ƙa'ida ta yarda"? Na karanta layin nan ya fi sau ashirin.

Game da kalmomin nan uku, wallahi ba sata na jingina maka ba. So na yi ka ga girman abin, cewa na'ura ba ta san Baffa ba, ba ta san ni ba. Da na yi zaton za ka taɓa mini ko allura, da ban tsallake mutum nawa na aiko maka ba. Amma na rubuta cikin fushi, na kuma ɓata maka. Ka yafe mini.

'Yarka


Talata, 15 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Likita,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Kumburin gwiwar ya saɓe. Man Mai Kwafi kuwa Gwaggonki ta jefa shi a kwandon shara, ta wanke hannu da sabulu.

Na yafe miki kalma ukun. Amma kin zo da wani sabon cin fuska, kuma ba zan bar shi ya wuce ba. Kin zaci zan ƙona asali? Ni? Kwafi ake ƙonawa, 'yata. Asali ko shugaban ofishi bai isa ya ba da umarnin a ƙone shi ba, balle wasiƙar da aka rubuta a tsaye a bakin tasha. Katinki yana cikin ambulan ɗinsa, ambulan ɗin a ɗinke da koren zare a cikin fayil, fayil ɗin a cikin kabad na ƙarfe, makullin a wuyana. Bai taɓa fita daga ɗakin nan ba. Wanda na buga ne ya je shago. Ki kwantar da hankalinki.

Mai Kwafi ya dawo ranar Asabar da lemo a leda. Na bar shi ya gama gaisuwa, sannan na buɗe littafin rajista a gabansa, na cire murfin alƙalami. Na ce ya ba ni cikakken sunansa, da lambar katin shaidarsa, da dalilin ziyara. Ya ce, "Haba Baba, gaisuwa ce kawai." Na ce to zan rubuta gaisuwa, in kuma rubuta cewa wannan ne karo na biyu da ya zo neman takarda mai lambobi wadda ban taɓa gaya masa akwai ta ba. Bai tsaya shan ruwa ba. Gwaggonki ta bi shi da lemonsa har bakin ƙofa, tana cewa ya manta kayan aikinsa.

Akwai sauran magana ɗaya, kuma ba ta da daɗin rubutawa. Na zauna na duba lamarin kamar wani ne ya aikata shi aka kawo gabana. Akawu ya karɓi takardar da aka ce kada ya buɗe, ya buɗe. Bai fahimce ta ba, bai tambaya ba, ya gyara ta. Sannan ya miƙa ta ga wanda bai sani ba. Da ina kan kujerata, da wannan akawu ya samu takardar gargaɗi kafin a tashi aiki, ko da kuwa abin ya ƙare lafiya. Tun da babu wanda zai rubuta mini, na rubuta wa kaina. Tana cikin fayil ɗinki, shafi na tara. Kwafi ɗaya ce.

Maganar jan layi kuwa tana nan yadda na faɗa. Wanda ya samu irin wannan takarda ba ya neman a sake ba shi ajiya.

Baffanki


Litinin, 9 ga Yuni

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Gwaggo da kyau. Na sauka daga jirgi ranar Laraba, saukar da ba komawa in Allah ya yarda.

Ɗakin ajiyar ya yi yoyo kamar yadda na ji tsoro, amma ruwan bai kai ga akwatin ba. Na'urar ta tashi. Na kunna sabuwar, ta ba ni sababbin kalmomi, na rubuta su a sabon kati. Na fara tura ɗan kaɗan don gwaji, na duba adireshin da kuɗin za su je a gilashin na'urar harafi bayan harafi, na ga ya isa, sannan na tura sauran. Komai ya cika. Tsofaffin kalmomin yanzu ba sa buɗe komai. Mai Kwafi in ya so ya rataye su a bangon shagonsa.

Na je bankin, Baffa. Na cika takardar neman akwati, na miƙa wa ma'aikaciyar. Ta karɓa ba ta dube ta ba, ta ɗora kofin shayinta a kai, ta ci gaba da waya. Na tsaya ina kallon da'irar da kofin ya bari a kan sunana. Sai na tuna akwai wani tsoho da ya ƙi ƙona guntun kati ko da mai katin ta ba da umarni, kuma ya kori ɓarawo da littafi da alƙalami. Na ce ta ba ni takardata.

Za ka ga wata ambulan a cikin wannan. Saura wata guda in gama sallama da kamfani in taho, amma ba na so katin da na'urar su yi tafiya a jaka ɗaya. In ka ƙi karɓa, ka mayar mini, ba zan yi fushi ba. In ka karɓa, ka sani layi na biyu na takardata ta farko yana nan yadda yake, ban sassauta shi ba.

Ka gaya wa Inna ta fara duba mini shagon haya.

'Yarka


Juma'a, 20 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Likita,

Wa alaikumus salam. Barka da sauka. Na kai wa mahaifiyarki labari da kaina. Ta tashi ba tare da an kama ta ba, ta ce a ɗauko mata mayafi, wai akwai wani shago a bakin titi da ta daɗe da sa wa ido.

Saƙonki ya iso ranar Talata. Ba zan ɓoye miki ba, kwana uku ambulan ɗin ta yi a kan teburina muna kallon juna. Na lura ba a manne bakinta daidai ba, gefe ɗaya ya karkace, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana mutum sukuni. Gwaggonki ta ɗauke wuƙar buɗe wasiƙa, ta ce tana bukatarta a kicin, alhali ko albasa ba ta yankawa.

Ban ja jan layin ba. Yau da safe na buɗe littafin, na cika gurabun da hannuna, kuma ga abin da na rubuta, don ki samu shaida:

Lamba ta ɗari biyu da goma sha biyu. Daga 'yata. Ambulan ɗaya, a rufe. Adadin kwafi: babu. Abin da ke ciki: ban sani ba.

Na sa hannu a ƙasa. Ki zo da wuri, kafin Gwaggonki ta dawo mini da wuƙar.

Baffanki